Lambun da Teofil Ya Sa wa Kwaɗo

A ƙauyenmu babu wanda bai san Pan Teofil ba, wato Malam Teofil, domin ko ba ka tambaya ba shi zai gaya maka ko shi wane ne. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a birnin Lublin, kuma a faɗarsa ko kaza bai taɓa takawa ba. Da ya yi ritaya sai matarsa Sabina ta kwaso shi suka dawo ƙauye, gidan uwarta, tsohuwa Kunegunda. Mutumin da ko albasa bai taɓa shukawa a gwangwani ba, sati biyu da zuwansa ya fara koya wa manoma noma a bakin kanti.

"Ku matsalarku rashin tsari," in ji shi. "Shuka ai kamar fasinja ce. Ka jera ta a layi, ka nuna mata wane ne direba, shi ke nan."

To, a bayan rumbun gidan akwai gindin baƙar pojecka guda ɗaya, wani ɗan gajeren itace mai ƙananan 'ya'ya. Kowane gida a nan yana da pojecka, amma ta Kunegunda daban ce. 'Ya'yanta baƙi wuluk, manya kamar kan yatsa, in aka dafa su da sukari har maƙwabta sai sun leƙo. Uwar Kunegunda ce ta zo da ita daga ƙetaren kogi bayan yaƙi, ɗan reshe guda soke cikin dankali, ƙunshe a ɗankwali. Ƙauyen da aka yanko ta ma yanzu babu shi. In gindin ya tsufa, tsohuwar takan kwantar da reshe ɗaya a ƙasa ta danne shi da dutse har ya yi saiwa, ta haka irin bai taɓa yankewa ba. Kuma ko tsinke ba ta taɓa ba kowa ba. Duk duniya gindin nan ɗaya ne.

Da kaka ta shigo aka kira Kunegunda asibiti a yi mata aikin ƙugu. Likita ya ce bayan aikin ta zauna gidan ɗanta a birni har ta koyi tafiya, Sabina kuma za ta bi ta jinya. Ranar tafiya tsohuwar ta sa ƙafa ɗaya a mota, ta juyo ta nuna Teofil da sanda.

"Suruki, kaji ka ba su hatsi. Murhu ka hura. Pojeckata kuwa ko kallonta kada ka yi da ƙarfi."

"Haba Mama! Gindi ɗaya tal kamar maraya? Ni da zan iya mayar miki da shi ɗari?"

"Ɗaya nake da shi, ɗaya nake so in tarar. In na dawo na ga ganye ɗaya ya yi ciwon kai, za ka koma gidanka na birni, hawa na huɗu, ka riƙa shayar da tattabaru ta taga."

"Teo," in ji Sabina, "ka ji dai."

"Na ji, na ji. Ku sauka lafiya."

Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba ya leƙa ta kan shinge wajen maƙwabcinsu Hipolit, wani dogon tsoho mai kiwon zuma.

"Maƙwabci, wai yaya kuke yin dashen pojecka? Ba don ban sani ba, so nake in ji ko ku ma kun sani."

Hipolit ya cire hularsa ya sosa ƙeya. "Reshen bana ake yanka, mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda. Uku ko huɗu sun isa, kada ka yi wa uwar aski. Ka soke su a karkace, ido biyu a waje, idanun suna kallon sama. In kana so su yi saurin saiwa, ka daddatsa wiklina ƙanana-ƙanana, irin ta bakin rafi da ake saƙa kwando, ka jiƙa, ka tace ruwan, sannan..."

"Ya isa, ya isa. Duk na sani. Kun dai yi ƙoƙari."

Washegari Teofil ya tashi da mura, hanci a toshe kamar an cusa masa auduga, amma ya ɗauki almakashin lambu da rula. Ya yanki reshe uku ya duba, ya ga uku ai wasan yara ne. Ya ƙara goma. Ya ga gefe ɗaya ya fi ɗaya, ya daidaita. Ya ga ɗayan ya fi, ya sake daidaitawa. Kafin azahar babu abin da ya rage sai kututture, ga tulin sanduna ɗari da ashirin kowace taƙi guda cif.

Hipolit ya leƙo ya dafe kai. "Wayyo Allah! Pan Teofil, me ka yi?"

"Na sauke fasinja."

"To don Allah bar kututturen nan. Pojecka tana da taurin rai, zai sake tohowa."

"A tsakiyar layina? Ka taɓa ganin an bar dutse a tsakiyar titi?"

Ya kawo 'yar tsohuwar motarsa, ya ɗaura igiya a kututture, ya ɗaura ɗaya bakin a bambar baya, ya ba ta wuta. Bamba ta tsaya wajen kututture, mota ta tafi ita kaɗai ta shige akurkin kaji. Matan layin suka fito da tsummokan goge hannu suna kallo, kaji na tashi sama kamar an buɗe matashin kai.

"Pan direba!" Pani Leokadia, mai kantin ƙauye, ta ƙwala masa kira. "Wannan wace tasha ce?"

"Gwaji ne, Pani. Ana gwada birki."

"Ba ka ce ko kaza ba ka taɓa takawa ba?"

"Ai ba ni na taka ta ba, ita ta shigo hannuna."

Ran nan ya ci miyar kaza shi kaɗai. Kututturen kuma sai da ya kwana biyu yana haƙa da gatari kafin ya fita, ya faskara shi ya sa a murhu, ya ce ya ba da zafi mai kyau.

Sai ya tuna maganar wiklina. Ya gangara rafi ya sassaro runguma guda. Daddatsawa da tacewa duk bai ji wannan ba, domin lokacin da Hipolit ke faɗa shi yana shirya amsa. Da yake mutum ne mai tsari, ya sa rula ya yanke su taƙi-taƙi daidai da na pojecka, ya zuba duka biyun cikin baho ɗaya, ya cika da ruwa, ya juya da muciya don su san juna.

Kwana uku suka yi a ciki. A rana ta uku mura ta sake shi, hanci ya buɗe. Ya tsoma hannu ya ɗauko sanda ɗaya, karkatacciya mai ƙuraje, ya sunsuna, ya yi baya.

"Tir! Wannan ta ruɓe. Wari kamar kyanwa ta yi fitsari a takalmi."

Duk yaron ƙauyen nan ya san haka itacen pojecka ke wari, da warin ma ake gane ta ko a duhu. Teofil ya ɗauko wata, miƙaƙƙiya sumul, mai sheƙi, babu wari ko kaɗan.

"Yauwa. Ga masu lafiya."

Ya zauna ya tantance su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba tikiti. Masu kyau dama, masu wari hagu. Na hagu ya shanya su ya tura murhu, sai guda huɗu da ya ware don ya yi turaku da su. Ya kafa turakun a kusurwa huɗu, ya ja igiya, ya jera masu kyau layi-layi har ɗari da goma. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

"Asarar goma kacal," ya ce, domin lissafin ma bai tsaya yi ba. Sannan ya tuna mutanen ƙauye da sa ido, kada su sace masa fasaha. Ya kwashe katakon da Kunegunda ta ajiye don gyaran rufi, ya kewaye wurin da shinge wanda ya fi kansa, ya sa ƙofa, ya danna kwaɗo, ya rataya makulli a wuya.

Ƙanƙara ta zo ta rufe komai, ta yi watanninta, ta narke. Teofil ya buɗe kwaɗo wata safiya sai ga shi ya fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, har kanti.

"Ɗari da goma! Ɗari da goma cikin ɗari da goma! Ko ɗaya bai mutu ba!"

"Kai, Pan Teofil," in ji Leokadia, "ko malaman gona ba sa samun haka."

"Malaman gona sun taɓa tuƙa bas?"

Ya kira Sabina a waya. "Uwargida, ki gaya wa Mama ta sayi tukwane. Manya."

"Teo, me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Na dai inganta."

Daga can ya ji muryar Kunegunda: "Ce masa ina koyon tafiya, kuma sandar tawa ta ƙarfe ce yanzu."

Shukar nan ba ta san wasa ba. Watan biyar ta kai gwiwa, watan shida ta wuce ƙirji. Teofil yana ba ta kashin kaji, da dusar kofi, da ruwan wanke tukunya, ya rataya mata tsohuwar rediyo don ta ji labarai. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya masa a rai: ganyen sirara ne dogaye kamar harshen tsuntsu, shi kuwa yana tuna kamar na da faffaɗa ne mai yatsu. Ya yi tunani na minti guda ya gano dalili. Gudu ne. Duk abin da ke gudu dole ya tsuke, ko mota haka ake ƙera ta.

Wata rana Hipolit ya jingina tsani a itacen tuffarsa, wai zai kama zumar da ta gudu. Ya kai mataki na shida, ya waiga cikin shingen. Sai dariya ta kama shi tun daga ciki, tsani ya yi rawa, ya sulmiyo ya zauna daɓas cikin kabeji.

"Allah ya ƙara!" in ji Teofil ta ramin katako. "Ɓarawon fasaha!"

Hipolit ya share hawaye. "Maƙwabci, tsaya. Da ka jiƙa su, babu wasu masu wari?"

"Ruɓaɓɓun? Na ƙona su tun bara."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Hipolit. "Duka?"

"Ƙurmus."

"Pan Teofil, ka saurare ni da kyau. Abin da ke cikin shingen nan wiklina ce. Ka ƙona pojeckar uwar Kunegunda, ka shuka itacen kwando."

Teofil ya yi murmushin tausayi. "Hassada ba ta da kyau ga mai shekarunka, Hipolit. Naka nawa suka kama bana? Uku?"

"Biyu."

"To ka gani."

Hipolit ya kaɗe wandonsa ya tafi kanti. Daga ran nan duk wanda ya gamu da Teofil sai ya cire hula. Wannan ya ce a sa shi a layin masu son iri. Wancan ya ce ya ƙara ruwa, irin wannan pojeckar tana son ta ji kamar a bakin rafi take. Leokadia ta ce in ta fara 'ya'ya ai sai an ɗauko motar 'yan kwana-kwana mai tsani. Teofil ya sayi littafi yana rubuta sunaye, ya sayi sabuwar hula mai gashin tsuntsu. Da bunsurun limamin coci ya ɓalle katako ɗaya ya shiga ya yi rabin yini yana ci, Teofil ya jawo shi ta ƙaho yana shelar cewa ko dabba ta san abu mai daraja.

Sabina da uwarta suka dawo ana saura kwana biyu ranar sunan Kunegunda, wato bikin shekara-shekara na waliyyiyar da ta ci sunanta, a ƙarshen watan bakwai, lokacin da kowane gida ke tsinkar pojecka. Tsohuwar ta sauko da sandar ƙarfe, ko ɗaki ba ta shiga ba ta nufi bayan rumbu, ta ci karo da katako.

"Wannan ba katakon rufina ba ne?"

"Aro na yi, Mama. Jibi, gaban baƙi, zan buɗe miki. Kyautar ranar sunanki ce."

"Ba ni makulli."

"Mama, likita ya ce kada ki yi farin ciki mai yawa lokaci guda."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Jibi," ta ce. "Sabina, ki haɗa masa akwatinsa na birni. Ki bar shi kusa da ƙofa."

Ranar biki aka jera tebura a tsakar gida, rabin ƙauye ya zo da furanni. Ko ba don Kunegunda ba ai za su zo, wasu ma har da kujerunsu. Teofil ya fito rungume da tulun kokwamba mai gishiri da ya jiƙa da hannunsa. A nan ba a jiƙa kokwamba sai da tafarnuwa da ganyen pojecka, shi ke sa ta ƙamshi da garas-garas, kuma Teofil bai yi rowar ganye ba.

"Na lambuna ne," ya ce. "Ku ci ku ba jikokinku labari."

Leokadia ta gatsa. Idonta ɗaya ya rufe, bakinta ya koma gefen kunne. Mai gidan waya ya gatsa ya fara neman inda zai tofar, bai samu ba, ya zuba a aljihu. Kunegunda ba ta ci ba. Ta tsoma cokali mai yatsu cikin tulun ta zaro wani siririn ganye, ta ɗaga shi sama yana ɗiga.

"Suruki, wannan mene ne?"

"Sabon samfuri, Mama. Ku taso ku gani da idonku!"

Ya yi gaba, jama'a suka bi shi a layi, Hipolit na can baya riƙe da hula a ƙirji kamar mai rakiyar gawa. Da ma Teofil ya ɗaura jan ƙyalle a ƙofar, ya miƙa wa surukarsa almakashi, ta ƙi karɓa, ya yanka da kansa. Kwaɗo ya ce ƙaras. Ƙofa ta buɗe.

Ga wiklina nan layi goma sha ɗaya, kore shar, ta fi kowa tsawo, tana rangaji a iska, rediyo na karanta mata hasashen yanayi.

Kowa ya zuba ido. Sai mai gidan waya ya ce a hankali, "Kai, amma kwandunan bana za su yi kyau." Shi ke nan wuri ya fashe. Leokadia ta zauna a ƙasa tana bubbuga cinya. Wani ya riƙe shinge, shingen ya tafi da shi. Sabina ta rufe fuska da gyale.

Kunegunda kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana kallon tsakiyar layi na uku, inda gindin yake a da.

"Teofil. Ina pojeckar uwata?"

"Mama, wato... ita ce wannan ɗin, sai dai ta..."

"Ina kututturen?"

"Ya ba da zafi mai kyau," in ji shi, da wata 'yar murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Likitocin Lublin sun iya aiki, wannan kowa ya shaida ran nan. Tsohuwar ta ɗaga sandar ƙarfe ta bi shi cikin wiklina ba tare da ta dogara da komai ba. Daga waje ba a ganinsu, sai kawunan itatuwa na kaɗawa, ga hular gashin tsuntsu ta yi sama ta dawo.

"Mama, ƙugunki!"

"Ƙuguna sabo ne, naka za a sake!"

Ya kai kusurwar ƙarshe, igiyar da ya ja da hannunsa ta harɗe masa ƙafa, ya kifa da fuska gindin turke. Ya rufe ƙeya da hannu biyu yana jiran saukar ƙarfe. Shiru. Ya buɗe ido ɗaya.

Kunegunda tana tsaye, hancinta na motsi. Ta sa sanda ta ture kansa gefe. A jikin turken da igiya ke ɗaure akwai ganye biyar, faffaɗa masu yatsu, ɗaya ya murje ƙarƙashin kumatun Teofil. Ta durƙusa a kan sabon ƙugun, ta murza ganyen a yatsa, ta kai hanci, ta daɗe ba ta sauke ba.

"Hipolit," ta kira. "Zo ka sunsuna mini, kada ya zama tsufa ne."

Hipolit ya kutso ya sunsuna. "Ita ce, Pani Kunegunda. Na rantse ita ce."

Aka duba sauran turaku uku. Duk a kife ya kafa su, idanu na kallon ƙasa, sun bushe ƙayau. Wannan ɗaya ne ya yi kuskure ya kafa daidai.

"Au, wannan ciyawar?" in ji Teofil daga ƙasa. "Sau uku ina tsinke mata ganye tana dawowa."

Sabina ta toshe masa baki da kokwambarsa.

Tsohuwar ta miƙe, ta share ido da bayan hannu, ta miƙa tafi. Ya ciro makulli daga wuya ya ɗora mata.

"Akwatin ya koma ɗaki," ta ce wa Sabina. "Ba don halinsa ba, don akwai aiki. Za ka tone wiklinar nan ɗari da goma, saiwa da saiwa."

"Da mota ai minti goma ne, Mama."

"A'a!" in ji ƙauyen gaba ɗaya.

"Da hannu. Sannan Hipolit ya koya maka saƙa, ka saƙa wa 'yar nan kewaye mai tsayi."

"Saboda bunsuru?"

"Bunsuru bai taɓa yi mini komai ba."

Kewayen yana nan har yau a bayan rumbu, karkatacce kamar an zauna a kansa, pojecka ta cika shi ta tumbatsa. Kunegunda ta ba Hipolit reshe biyu a kakar da ta biyo, ta ba Leokadia biyu, ta ce ta gane ajiye abu wuri ɗaya a gidan da ke da suruki ganganci ne. Teofil kuwa ba a yarda ya matso kusa da taku biyar ba. Amma in ka je kanti da safe za ka same shi da hular gashin tsuntsu, yana bayani.

"Ku kuna shuka huɗu ku samu biyu, kuna murna. Ni ɗari da ashirin na tantance, na fitar da guda ɗaya, mai taurin ran cikinsu. Sau uku ina gwada ta. Wannan shi ake kira tsari."